Bakin kaka da akwatin littattafai: inda marubutan yara suka samo labaransu (1812-1972)

Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya samo asali ne daga wata gardama da ta tashi a gabanmu a Maraɗi, wajen wani taron horar da malaman makarantu masu koyarwa da harsuna biyu. Ana maganar ƙarancin littattafan Hausa da yaro zai karanta bayan ya iya haɗa baƙi da wasali, sai mahalarta suka rabu gida biyu. Wasu suka ce a ɗauki rakoda a shiga karkara, a naɗo tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin mata, a buga su yadda suka fito. Duk abin da ba daga can ya zo ba, a ganinsu, jabu ne. Wasu kuma suka ce lokaci ya ƙure, a kawo littattafan yara na Faransanci a fassara. Wani mushe da ya kusa ritaya ya kafa hujja da Magana Jari Ce, ya ce ga littafin da Bahaushe ya rubuta da abin da ya tsotsa a nono, shi ya sa har yau bai tsufa ba. Aka yi masa tafi. Mu dai ba mu tanka ba a ranar, domin mun san shaidar da ya kira, in an bar ta ta yi magana, ba shi za ta goya wa baya ba, kuma ba abokan gardamarsa ba.

Batun ba na raha ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin Charte de la refondation ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an rubuta littattafan koyon baƙaƙe da na lissafi, amma littafin da yaro zai ɗauka don kansa, ba don jarrabawa ba, har yanzu ƙalilan ne. Waɗanda za su rubuta shi da waɗanda za su zana masa hotuna, da yawansu ɗalibanmu ne. Ya kamata ke nan mu duba inda waɗanda suka riga mu suka ɗebo ruwa.

1. Tsohuwar da ba ta kasance ba

Ra'ayin cewa littafin yara na ƙwarai daga bakin tsohuwar ƙauye yake fitowa ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Ƴan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, su suka ba shi daraja, da suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812 da 1815. A littafi na biyu sun gabatar da Dorothea Viehmann a matsayin baƙauya da ta riƙe labarai tun na kaka da kakanni. Binciken da Heinz Rölleke ya yi cikin shekarun 1970 ya nuna wani abu dabam. Matar tela ce, ɗiyar mai masaukin baƙi, kuma jikar Faransawa ƴan Furotesta da suka yi hijira zuwa Jamus. Ƴan matan gidan Hassenpflug kuwa, waɗanda suka ba da labarai masu yawa na littafi na ɗaya, ƴan birni ne masu ilimi, ana Faransanci a gidansu. Wannan ne ya sa Le Chat botté da Barbe bleue suka shiga bugun 1812, sannan aka cire su a bugun 1819 da aka ga sun yi kama da na Perrault (1697) fiye da kima. Daga nan har bugu na bakwai a 1857, Wilhelm bai daina gyaran jimla ba: yana ƙara hira tsakanin taurari, yana cusa karin magana, yana share abin da ya ga bai dace da kunnen yaro ba.

Mu lura kuma da wani abu da zai dawo mana a gaba. Tarin Grimm na farko na masana ne, har da sharhi. Sai da fassarar Ingilishi ta 1823 ta samu kasuwa da zanen George Cruikshank, sannan ƴan'uwan suka zaɓi tatsuniyoyi 50 suka fitar da ƙaramin bugu a 1825, da hotunan ƙanensu Ludwig Emil. Wato mai zane ne ya nuna musu hanyar zuwa ga yara.

A wajenmu ma tattara tatsuniya ya riga rubuta wa yara da nisa. Dorugu, yaron Dambanas ta wajen Kance da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, shi ya shifta wa J. F. Schön yawancin abin da aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Landeroin da Tilho sun fitar da nahawu da tatsuniyoyinsu a 1909, Frank Edgar ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Rattray ya buga nasa a 1913. Dukansu don Nasara mai koyon harshe ko mai nazarin al'adu aka yi su. Babu wanda ya yi tunanin yaron da aka karɓo tatsuniyar daga bakin kakarsa zai zama mai karatu.

2. Zariya, 1936

Abubakar Imam yana da shekara 25, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da aka ba da aron sa ga ofishin talifi na Zariya na wajen wata shida a 1936. Shugaban ofishin, Rupert East, ya san shi tun gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Aikin da aka kira shi dominsa a fayyace yake: makarantun elementare na Arewacin Najeriya suna buƙatar littattafan karatu. East ya tara masa littattafai na Larabci da na Ingilishi, tatsuniyoyin Gabas da na Turai, ya kuma riƙa bin abin da yake rubutawa. Imam kansa bai ɓoye haka ba a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa. Abin da ya fito shi ne littattafai uku, labarai fiye da 80, da aka buga daga 1937 zuwa 1939.

Masu bin sawun labaran, daga jami'ar Warso har zuwa Ibrahim Malumfashi, sun gano tushen da dama. Labarin jaki da sa, da na Sarkin Zairana da bokansa Gara, daga Dare Dubu da Ɗaya suke. Na biyun shi ne labarin sarki Yunan da likita Duban, wanda ya rama kisansa da littafi mai dafi a takardunsa. Kyanwa da ɓera, Sahoro da Sahorama, Kalala da Kalalatu, duka na Grimm ne, kuma abin da ya zo daga Grimm ya haura goma. Sarkin Busa shi ne mai sarewar garin Hamelin. Akwai kuma waɗanda Imam ya ƙaga ko ya ji a gida, amma Gizo da Ƙoƙi, waɗanda mushenmu na Maraɗi yake tsammanin su ne masu gidan, ba su ne taurarin littafin ba.

Hatta akun ɗan aro ne. Tsuntsun da ke riƙe mutum da labari har gari ya waye don ya hana shi fita, asalinsa wani littafin Sanskrit ne mai labarai 70, Shukasaptati, wanda Nakhshabi ya mayar Farisanci wajejen 1330 da sunan Tuti-nama, ya rage shi zuwa dare 52. A can, matar wani attajiri ce ake hana wa zuwa wajen kwartonta yayin da mijinta ya yi tafiya. Wannan ba abin da za a shiga da shi aji ba ne. Imam ya bar ginshiƙin ya sake dalili: ɗan sarki, Musa, shi ke son ficewa daga fada ya bi Mahmudu fagen yaƙi, alhali maƙarƙashiyar waziri tana jiransa a waje. Sha'awar da akun ke dannewa ta tashi daga ta zina ta koma ta zumunci da jarunta, kuma haɗarin da ke bakin ƙofa ya tashi daga abin kunya ya koma mutuwa da faɗuwar sarauta. A ganinmu labarin ya fi ƙarfi a haka.

To, in ƙasusuwan na aro ne, mene ne nasa? A nan ne mai nazarin harshe yake da abin cewa. Mu fara da suna. Grimm ya kira malalacinsa Heinz, matarsa Trine. Sunaye ne na yanka, sai an ƙara musu sifa kafin a san halinsu. Imam ya ɗauko sifar kanta, sahoro, ya mai da ita suna, ya kuma ƙera wa matar nata daga saiwa guda, ta yadda yaro kan fara dariya tun bai shiga labarin ba, kuma ya san cewa Allah ne ya haɗa jinin waɗannan biyu. Haka ya yi da Kalala da Kalalatu, inda kukun gidan Grimm ta zama matar gida, wato cin kajin biyu ya tashi daga ha'incin bara ga ubangida ya koma rikicin miji da mata a gaban baƙo, abin da kowane yaron Bahaushe ya san nauyinsa. Mai sarewar Hamelin baƙo ne marar matsayi. Da aka ce masa Sarkin Busa sai ya shiga jerin sarkin noma da sarkin fawa da sarkin makaɗa, ya zama mutumin da ke da hakki a kan fada. Bayan suna sai gaisuwa da kirari da faɗanci, waɗanda babu su a tushen, da kuma karin maganar da ya ɗora a kan labarai da yawa a madadin take. Labarin da aka yi wa take da karin magana ya riga ya zama shaida ga abin da Hausawa suka daɗe suna faɗi, ko da daga Jamus ya taso.

Akwai abu na biyu wanda ba a cika ambata ba, kuma shi muka fi ba muhimmanci. Duk wanda ya taɓa rubuta tatsuniya daga kaset ya san irin asarar da ake yi. Murya takan tafi, tsamin bakin Gizo yakan koma kuskuren rubutu, waƙar da ke tsakiya takan zama layi biyu marasa rai, amsar yara da dariyarsu da gardamarsu duk ba su hawa takarda. Abin da ke ragewa gajere ne, busasshe, kuma yaron da ya san tatsuniyar a baki shi ne na farkon da zai gundura da ita. Labarin akun da ya goya sauran labaran a bayansa shi ya magance wa Imam wannan. Ya mayar da dare cikin littafin, ya mayar da mai ba da labari, ya mayar da mai saurare wanda ke ƙosawa, yana ja, yana neman ƙari. Littafi na biyu gasa ce tsakanin aku biyu a gaban jama'a. Na uku uba ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Daga dandali Imam bai ɗauko labarai da yawa ba. Zaman dandalin ya ɗauko, shi ne kuwa abin da masu rakoda kan baro a can.

Kada a fahimce mu da cewa komai na littafin abin yabo ne. An rubuta shi a ofishin gwamnatin mulkin mallaka, don ɗalibai da akasarinsu maza ne, kuma yadda yake nuna mata da baƙauye da wanda ba Bahaushe ba yana buƙatar malami ya tsaya ya yi bayani. Wannan wani nazari ne dabam.

3. Labarin gida, harshen waje

A ɓangaren da Faransa ta mallaka an bi hanyar ne a juye. Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda iyayenmu suka haddace a lakkwal tun daga shekarun 1930, ya sa sunayen gida da ƙauyen gida a cikin darasin Faransanci. A 1953 kamfanin Hachette ya buga La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre na Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji, don ajin cours élémentaire na makarantun Afirka. A nan labaran daga baka suke da gaske, daga tatsuniyoyin zomo da kura na Senigal, kuma marubutan sun ji su tun suna yara. Amma su ma sai da suka yi irin aikin Imam: suka ɗinke gutsattsarin da zare guda, wato tafiyar zomo don ya san daji da teku da ɗan Adam, suka yanka shi babi-babi daidai da zaman aji, kowane babi da aikin kalmomi a ƙarshensa.

Sunayen taurarin abin dubawa ne. A harshen Wolof, leuk zomo ne kawai, bouki kura, gaïndé zaki. Leuk-le-lièvre ke nan daidai yake da a ce Zomo-zomo. Ga yaron Senigal rabin farko na sunan ƙofa ce da aka bar masa a buɗe zuwa gida. Ga yaron Tawa ko na Tasawa kuwa, wanda aka ba littafin nan guda, rabi biyun duka baƙi ne, sai dai ya gane kurar da haɗamarta. Littafin da aka yi da labarin Afirka ya iso masa da nisa biyu, alhali wanda aka yi da labarin Jamus a Zariya, in ya same shi a shimfiɗar mai sayar da littattafai a kasuwa, bai ma san baƙo ne ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Boubou Hama (1906-1982). Ɗan Foneko ta ƙasar Tera, malamin makaranta, shugaban majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin Afrilu 1974, ya tara labaran baka fiye da yadda mutum ɗaya ya saba tarawa. Contes et légendes du Niger kaɗai littafi shida ne. Duk da haka, da aka zo rubuta wa yara, bai miƙa tarin nasa ga maɗaba'a yadda yake ba. Ya haɗa hannu da Andrée Clair, Bafaranshiya marubuciyar yara da ta yi aiki tare da shi a majalisa a Yamai. Daga wannan haɗin aka samu Le Baobab merveilleux a 1971, La Savane enchantée da L'Aventure d'Albarka a 1972. Na ƙarshen daga ƙuruciyar Boubou Hama kansa aka gina shi. Wanda ya fi kowa samun bakin kaka shi ne ya fi sanin cewa bakin kaka bai isa littafi ba. Sai dai a Paris aka buga su, da Faransanci, kuma yaran Faransa sun fi yaran Nijar ganinsu. A Kano kuwa, a daidai wannan lokaci, Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida don makarantu, da Hausa. Shi ne ya fi kusa da abin da rukuni na farko na taron Maraɗi yake nema.

4. Idon mai zane

Marubuci da kunne yake aro, kuma mun ga yadda harshe ke narkar da abin da aka aro. Mai zane ba shi da wannan sauƙi, domin abin da ido bai gani ba hannu yakan cike shi da abin da ya saba. A tarihin Turai littattafan da suka fi daɗewa sau da yawa hannu guda ne ya rubuta ya zana, kuma akwai yaro takamaimai a gabansa. Beatrix Potter ta fara labarin zomonta ne cikin wasiƙar da ta aika wa wani yaro marar lafiya a watan Satumba 1893, kuma zomayen da take kiwo su take kallo tana zanawa. Littafin ya shiga kasuwa a 1902. Babar labari ne da Cécile de Brunhoff ta ba ƴaƴanta maza biyu a 1930, mijinta Jean, mai fenti, ya mai da shi littafi a 1931, shekarar da aka yi babban baje kolin ƙasashen mallaka a Vincennes. Giwar da ta bar daji ta sa kwat ta dawo ta gina birni ba ta rasa alaƙa da iskar wannan shekara ba.

A misalan Faransanci da muka kawo, alƙalamin zane a Paris yake. Hotunan Leuk na Marcel Jeanjean ne, wanda ya yi suna da zanen jiragen sama da matuƙansu na yaƙin 1914-1918. La Savane enchantée kuwa Béatrice Tanaka ce ta zana, haifaffiyar Czernowitz da ta zauna Brazil. Ba muna tuhumar gwanintarsu ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, a littafi guda, labari na iya fitowa daga Tera hoto kuma ya fito daga wani wuri, kuma yaron da bai iya karatu sosai ba hoton yake fara karantawa. Nazarinmu na adabi, a wannan sashe da sauran, kusan bai taɓa tsayawa a kan wannan rabin shafin ba. Mun bar shi ga maɗaba'a kamar zaɓen takarda.

Nisan ba sai na ƙasa ba. A wani aikin ƙarshen shekara, mun sa ɗalibai su shirya labarin malalatan nan biyu da tulun zumarsu don yaran aji uku, kowane rukuni ya nemo mai zane. Rukuni ɗaya ya kawo aikin wani saurayi haifaffen Yamai, mai hannu ƙwarai, wanda ya koyi zane daga littattafan barkwanci na Faransa da Japan da abin da yake gani a waya. Ya zana gidan ƙudan zuma akwatin katako mai murfi, a kan ƙafafu huɗu, cikin ciyawa kore. Da aka kai hoton wani aji a ƙauyen da ke kan hanyar Madarunfa, yaran suka ce tebur ne. Wata yarinya ta ce watakila akwatin zaɓe ne. Da malaminsu ya ce musu amya ce, sai suka fito da shi waje suka nuna masa ta saƙar ciyawa da ke rataye cikin rassan gawo a bayan makarantar. Mun mayar wa saurayin zanensa tare da kuɗin mota zuwa ƙauyen, ya kwana biyu can, ya dawo da kaye cike da amya da tulu da ragaya da akuya ɗaure a turke.